PSD ya shigo maka a dunƙule? Koma Photoshop tukuna

To ƙanena, naga saƙonka tun ɗazu, ina kan renda ne, wato fitar da bidiyo, shiyasa ban amsa ba. Kace mai zane ya turo maka fosta a PSD, wato fayil ɗin Photoshop da ke ajiye kowane ɓangaren zane daban a leyarsa, kana so rubutun ya shigo daban, logo ya juya, mutumin da ke tsakiya ya ɗan matso gaba, amma da ka jefa shi cikin manhajar editin bidiyo ta Premiere Pro sai ya zo maka hoto guda kamar JPEG, da ka sake shigo dashi leya leya kuma in ka juya logon sai ya riƙa zagaye sikirin kamar akuya a turke, shine kake tambaya wai ko manhajar ce ta lalace ka sake sakata. Lafiyarta ƙalau, karka taɓa ta.

Na farkon dai gaggawarka ce. Duk sanda ka shigo da PSD mai leyoyi, Premiere sai ta buɗe maka wani ɗan akwati ta tambayeka yaya kake son shi, kai kuma nasan halinka, OK kawai ka danna ko karantawa bakayi ba. Zaɓi huɗu ne a wurin. Merge All Layers shine ya haɗe maka komai ya zama hoto ɗaya, Merged Layers zaka zaɓi wasu ne ya haɗe su ya watsar da sauran, Individual Layers zai zube maka kowace leya a matsayin kilif ɗinta cikin folda, sai Sequence, wanda shi nake so ka riƙa ɗauka, don zai jera maka su kowacce akan tirak ɗinta yadda mai zanen ya jera su, ta ƙasa a ƙasa ta sama a sama. Kuma kowacce zata zo da tsawon daƙiƙa 5 in baka canza ba a saitin, kaja su gaba ɗaya ka tsawaita, ba wani abin damuwa bane.

Maganar logon nan kuwa, a ƙasan wannan akwatin dai akwai inda aka rubuta Footage Dimensions. In ka barshi a Document Size, kowace leya komai ƙanƙantarta za'a ɗauke ta da girman fostar gaba ɗaya, wato logon da ke can kusurwa yana zaune ne cikin wani ƙaton fili da ido baya gani, cibiyar da yake juyawa a kanta kuma tana tsakiyar fostar, ba tsakiyarsa ba. Shiyasa kaga yana zagaye. In ka ɗauki Layer Size sai a yanke filin daidai bakin logon, cibiyar ta dawo cikinsa, ya juya a inda yake. A After Effects, manhajar motsa zane, sunansa Composition Retain Layer Sizes, ni dai shekara da shekaru kusan shi kaɗai nake ɗauka.

Amma gaskiya duk wannan ƙaramin aiki ne. Babban aikin yana cikin Photoshop kafin ka buɗe manhajar editin ma, kuma nan ne yara irinku kuke ƙiwa. Shi mai zane fosta yayi, hoto tsayayye da za'a kalla daga gaba, bai taɓa tunanin wani zai ɗaga mutumin nan ya leƙa bayansa ba. Kai kuma motsi zakayi. To fayil ɗinsa ba naka bane, kayi kwafi ka sa masa wani suna, akan kwafin zakayi aiki, na asalin ka ajiye shi gefe karka ko shafa shi.

Fara da launi. In don bugawa a takarda akayi fostar to mai yiwuwa CMYK ce, tsarin launin firinta, bidiyo kuma RGB yake ci, tsarin launin sikirin, Premiere ma bata jituwa da CMYK ɗin. Ka shiga Image, Mode, ka mayar RGB, zai tambayeka ko ya haɗe leyoyin, kace a'a, in ka amsa masa eh ka kashe aikin da hannunka. Sai girma. Zakaji mai zane yana cika baki wai ai 300 dpi nayi maka, bidiyo babu ruwansa da dpi, wato yawan ɗigo a kowane inci na takarda, fiksel yake ƙirgawa. Takardar A3 a 300 dpi fiksel 3508 ne a faɗi 4961 a tsayi, kai kuma taimlain ɗinka 1920 da 1080, kaga in leya talatin ce kowacce da wannan girman kwamfutarka zata riƙa nishi a banza. Ka rage, amma da lissafi. In kasan zaka zuƙo hoton har kashi 150 to ka barshi 2880 da 1620, yadda ko ka zuƙo bazai fashe ba. Abinda ya wuce buƙata nauyi ne kawai.

Daga nan sai ka zauna ka tambayi kanka me da me zai motsa. Wanda zai motsa shi kaɗai ya samu leyarsa, waɗanda zasu tafi tare ka haɗe su. Na taɓa karɓar fayil mai leya sama da tamanin, rabinsu a kashe, wasu babu komai a ciki, sunayen kuma Layer 14 copy 3 da ire-irensu, da na gama tankaɗewa tara suka rage kuma su aikin yake buƙata. Ka goge na kashe, ka goge na wofi, ka sa wa kowacce sunan da ko cikin barci aka tasheka zaka gane, bango, mutum, inuwar mutum, kanun rubutu, logo. Inuwa da sheƙi da irin kwalliyar da ake liƙa wa leya, da leyoyin gyaran launi da ke zaune a sama suna shafar na ƙasa, wasu suna tsallakowa lafiya wasu kuma su zo a canje, musamman da ka raba su kowa ya kama gabansa. After Effects ta fi haƙuri dasu, har tana baka damar ka cigaba da gyara su a can, amma in Premiere zaka ni shawarata ka narkar dasu cikin leyar tun a Photoshop, abinda ka gani shi zaka samu. Rubutu ma haka, a Premiere hoto yake zama bazaka iya gyara harafi ba, a After Effects ne akwai Convert to Editable Text, shima sai kana da irin salon rubutun a kwamfutarka.

Yanzu ga wanda baka tambaya ba amma gobe zaka kirani a kansa. Mutumin da kake so ya matso gaba, in an yanko shi ne daga hoton bangon, da ka gusar dashi zakaga rami a bayansa daidai siffarsa, ko kuma kaga wani shi ɗin yana nan tsaye a bango kamar tagwaye. Dole ka cike wurin. Ka zagaye gurbin ka ɗan faɗaɗa zaɓin ya wuce bakinsa, ka sa Content-Aware Fill, mai cike gurbi da irin abinda ke kewaye dashi, wanda tun Photoshop CS5 na 2010 yake nan, sannan ka bi da hannu ka gyara inda yayi shirme don yana yi. Ba sai ya fito tsaf ba, tsakiyar ai mutumin zai rufe ta, bakin da zai leƙo ne zaka ɓata lokaci a kai. Sannan ka duba gefen mutumin akan baƙin bango da kuma fari, in kaga wani farin zare ya bi gefen gashinsa to ragowar tsohon bango ne, ka shigar da yankan ciki da fiksel ɗaya ko biyu. A hoto tsayayye ba mai lura, amma da ya fara motsi kowa sai ya gani.

Abu na ƙarshe, kuma shi ya taɓa sa ni kwana a zaune. Manhajar editin bata haɗiye PSD ɗin ba, leƙensa take daga inda ka ajiye shi. Wannan yana da daɗi, don in ka danna Ctrl da E zai buɗe maka a Photoshop, ka canza launin rigar ka adana, ka dawo ka tarar ya canza. Amma fenti kaɗai zaka taɓa. Ni wata rana bayan na gama motsin gaba ɗaya sai tsafta ta motsa min, na koma na goge wasu leyoyi na haɗe wasu na sake musu suna, ina buɗe After Effects sai ga sandunan launi a inda hotuna suke, dole na bi ɗaya bayan ɗaya ina haɗawa. Sabuwar leya ma in ka ƙara bazata fito da kanta ba, sai ka shigo da ita daban. Don haka ka gama shirin kafin ka shigo dashi, kuma fayil ɗin ya zauna cikin foldar aikin, ba a Downloads ba.

In wata rana ka koma wata manhajar editin kamar DaVinci Resolve, ta shafin Fusion akwai Import PSD, Final Cut Pro kuma tana ajiye leyoyin cikin kilif ɗaya ka buɗe ka gansu. In kuma manhajar waya ce da bata san PSD ba, ka fitar da kowace leya PNG a Photoshop ta Export, Layers to Files, karka yarda da JPEG don shi baya riƙe wurin da babu komai, fari zai cika maka.

Jeka gyara kwafin, ka turo min hoton jerin leyoyin in gani kafin ka sa ko kifiram ɗaya, wato alamar fara motsi.