Tumatir na langaɓewa a Ikorodu: manhaja zan bi ko 'yan zaure?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da lambu a wajen Ikorodu, ina noman alayyahu, tumatir da attaruhu, ina kaiwa kasuwar Mile 12 ta Legas. Bana sai tumatir ya taso da kyau, cikin kwana biyu ya langaɓe da ganyensa kore shar, ya mutu. Na ɗauki hoto da wata manhaja da ɗana ya sa mini a waya, ta ce ƙarancin ruwa ne. 'Yan uwa manoman rani na Kadawa ta jihar Kano da muke zauren WhatsApp tare suka ce tsutsar tumatir ce da ake kira sharon, in yi feshi. Na yi, babu sauyi. Wa zan bi?

Amsa: Wa alaikumus salam. Kafin ka sake kashe ko sisi a magani, yanki karan tumatir ɗaya da ya fara langaɓewa, daga kusa da ƙasa, ka rataya bakin yankan cikin ruwa mai tsabta a kofin gilashi. Jira 'yan mintoci. In ka ga wani farin abu yana zubowa kamar zaren madara, to ƙwayar cutar bakteriya ce ta toshe jijiyoyin da ke kai ruwa sama. A cikin ƙasa take zaune, feshi ba ya kai mata. Sai dai ka tuge waɗanda suka kamu ka ƙone, ka gyara magudanar ruwa, ka huta da tumatir, attaruhu da gauta a fangalin nan na wasu shekaru, ka sa masara.

Manhajar ba ƙarya ta yi maka da gangan ba. Irinsu Plantix da Nuru da dubban hotunan ganye aka horar da su, don haka sun fi ƙwarewa a cutar da ke barin tabo a fili. Nuru, wadda Jami'ar Penn State ta Amurka ta yi tare da cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan, ta yi suna ne kan cututtukan rogo da tsutsar masara, kuma tana aiki ko babu data. Abin da ke cikin kara kuwa, kyamara ba ta ganinsa.

Su kuma mutanen Kadawa da abin da suka sani suka amsa maka. Sharon ta yi musu ɓarnar da ba za su manta ba a 2016, har a Mile 12 an ji a jika da farashin kwando ya haukace. Amma ita cikin ganye take rami, ta huda 'ya'ya. Ba ta kwantar da shuka lafiyayya dare ɗaya. Ga shi su da rani suke noma, iska a bushe. Kai kana Legas, inda damina ke zuwa kashi biyu da ɗan tsaiko a Agusta, ƙasa kullum a jiƙe. A ganina babban cikas ɗin manoman Arewa mazauna Kudu ke nan: ilimin da ke zuwa musu da Hausa kusan duk na yanayin Arewa ne, wanda ya dace da ƙasar da suke nomawa kuma da Turanci ko Yarbanci yake fitowa.

Saboda haka raba ƙafa. Don koyon dabaru da Hausa, akwai bidiyoyin Access Agriculture da shirye-shiryen NAERLS, cibiyar wayar da kan manoma ta Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya. Hasashen damina da hukumar kula da yanayi ta ƙasa, NiMet, ke fitarwa farkon kowace shekara, duba na Legas, ba na garinku ba. Kan kayan lambu kuwa, cibiyar NIHORT ta Ibadan ce gidan bincikensu tun 1975, kuma malaman gona na hukumar raya aikin gona ta jihar Legas suna Oko-Oba, Agege.

Duk wanda za ka tura wa tambaya, kada ka tura hoton ganye kaɗai. Haɗa da hoton shukar gaba ɗaya, saiwa, karan da ka tsaga, sannan ka yi saƙon murya: wane iri ne, kwanansa nawa, da wane ruwa kake bayi, me ka noma a wurin bara. Ka kuma faɗi sakamakon gwajin kofin nan.