Aikin Sa Kai a Lokacin Doguwar Tafiya

Tambaya: Ina shirin zaga ƙasashe da dama, ina yin aikin sa kai domin samun abinci da masauki. Shin bizar yawon buɗe ido ta wadatar?

Amsa: Ba ko'ina ba, domin ƙasashe da yawa suna ɗaukar abinci da makwanci a matsayin lada, ko da ba a ba ka kuɗi ba. Birtaniya, alal misali, tana barin baƙo ya yi aikin na kwana 30 kacal, kuma sai da ƙungiyar agaji mai rajista. Shafukan intanet na masu aikin sa kai irin su Workaway da WWOOF suna haɗa ka da masu masauki ne kawai, ba sa ba da izinin aiki, saboda haka ka tuntuɓi ofishin jakadancin kowace ƙasa kafin ka sayi tikiti.