Tambayi Likita: Jikina Ne, Ko Na Dangi?

Assalamu alaikum. Cikin saƙonnin wannan makon akwai huɗu da suka faɗo kan magana ɗaya, ko da yake masu su ba su san juna ba: wa ke da ta cewa a kan jikin mutum, shi ko waɗanda ke kewaye da shi? Na sakaya sunaye kamar yadda muka saba.

Likita, ni ɗalibin jami'a ne a Zariya, shekarata 22. Ina shan sigari da shisha, mahaifina ya gano ya yi mini faɗa sosai. Na karanta falsafar Ayn Rand, ta gamsar da ni cewa rayuwata tawa ce, ba mai hurumin hana ni abin da na zaɓa. Akwai abin da ya rushe wannan a likitance?

Ɗana, na ji daɗi da karatunka bai tsaya a darasin aji ba. Saboda waɗanda ba su san ta ba, Ayn Rand marubuciya ce da aka haifa a Rasha a 1905. Tana yarinya 'yan kwaminis suka ƙwace kantin maganin mahaifinta, ta koma Amurka a 1926, a can ta mutu a 1982. Aƙidarta, wadda ta sa wa suna Objektibizim, tana cewa gaskiyar abu ba ta sauyawa don mutum ya so ko ya ƙi, kuma da hankali ake gane ta. Mutum ya rayu don kansa, kada ya salwantar da kansa saboda wani, kada kuma ya nemi wani ya salwanta saboda shi. Gwamnati a wurinta aikinta bai wuce kare mutane daga fin ƙarfi da zamba ba. Ba ta yarda da Allah ba, a nan kuwa ni da ita mun yi hannun riga.

Sai dai ka ɗauki rabin maganarta ka bar rabi. Son kan da take yabo shi ne wanda hankali ke ja wa gora, mai duba rayuwar mutum har tsufansa, ba marmarin minti biyar ba. Kuma tushen aƙidar shi ne kallon gaskiya ido da ido. To ga gaskiyar: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba tana kashe har rabin masu shanta da ba su daina ba, sama da mutum miliyan 7 a shekara, kuma fiye da miliyan 1 daga ciki ba su taɓa sa ta a baki ba, hayaƙin wasu suka shaƙa. Ita kanta Rand ta shafe shekaru tana zuƙa, sai da aka yi mata aikin kansar huhu a 1974, ta daina. Shisha kuma ba sauƙi ba ce. Ruwan tulun yana sanyaya hayaƙi ne kawai, ba ya tace guba, ga gawayin yana ƙara wata iska mai hana jini ɗaukar iskar numfashi, ga bakin mesa ɗaya yana yawo tsakanin mutum biyar.

Doka ba ta hana baligi shan taba ba, amma dokar taƙaita taba ta 2015 ta hana sha a wuraren taruwar jama'a da sayar wa ɗan ƙasa da shekara 18, domin ikonka ya ƙare ne a inda huhun abokin ɗakinka ya fara. Faɗan mahaifinka kuwa, ko a ma'aunin Rand ba tilas ba ne, nasiha ce daga mutumin da ya fi kowa jin zafin rasa ka. Ka sa ranar dainawa, ka faɗa masa. Kwanakin farko sun fi wuya, ƙaiƙayin son shanta yana raguwa cikin 'yan makonni, akwai kuma cingam da filasta na nikotin da za a iya ba ka a asibiti.

Shekara uku ke nan ina jinyar surukata da ɓarin jikinta ya shanye. Ni ke juya ta, ni ke wanka, ni ke tashi da dare. 'Ya'yanta gaisuwa kawai suke zuwa. Bayana yana ciwo, ba na barci, an auna jinina a kemis an ce 160 a kan 100. Duk sanda na yi tunanin cewa na gaji sai in ji kamar na yi zunubi. Ni ce taku daga Katsina.

'Yar uwa, Allah ya saka miki da alheri, ya ba Hajiya sauƙi. Saƙonki ne ya fi tsaya mini a rai, domin na sha ganin mai jinya ta riga majinyaci kwanciya.

Mu fara da jinin. Daga 140 a kan 90 ake kiran hawan jini, naki ya wuce nan. Awo ɗaya ba ya yanke hukunci, don haka ki je asibiti cikin makon nan a sake aunawa, a duba fitsari da ƙoda da sukari. Idan kina shan diklofenak ko ibufurofen kullum saboda bayan, ki dakata, suna ɗaga jini kuma suna taɓa ƙoda. Ciwon kai mai tsanani, ganin dishi-dishi, nauyin harshe ko rashin ƙarfin hannu, waɗannan ba a kwana da su a gida.

Mai shanyewar jiki ana son a juya ta kusan duk bayan awa biyu don kada gyambon kwanciya ya kama ta. Ki lissafa wannan dare da rana, shekara uku, za ki ga ba aikin mutum ɗaya ba ne, a asibiti ma karɓa-karɓa ake yi. Wajen juyawa a shimfiɗa zani mai ƙwari a ƙarƙashinta, mutum biyu su kama, a lanƙwasa gwiwa ba baya ba.

Sai batun zunubin. Akwai magana ɗaya ta waccan marubuciya Ayn Rand da na ga gaskiyarta a bakin gadon marasa lafiya: ba a halicci wani mutum don ya ƙare domin wasu su huta ba. Ban bi ta ba inda ta ce taimakon mutane ba wajibi ba ne, mu a wurinmu zumunci ne da lada. Amma ba sai mun je Amurka neman wannan ba. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya faɗa wa Abdullahi ɗan Amru, da ya tsananta wa kansa da azumi da tsayuwar dare, cewa jikinsa yana da haƙƙi a kansa. In an faɗi haka a kan ibada, ina ga jinya? Nauyin Hajiya yana kan 'ya'yan da ta haifa kafin ya zo kanki. Ki samu maigida cikin natsuwa, ki nuna masa takardar awon, ya tara 'yan uwansa a raba kwana, wanda ba zai iya zuwa ba ya biya mai taimako. Idan kuma kuka yana zuwa miki ba dalili, ko abinci ya fita ranki, ki faɗa wa likita, ciwon damuwa ne kuma yana da magani.

Yayana yana wankin ƙoda, an ce sai dashe. Mahaifiyarmu ta ce ni zan bayar. Ina da mata da yara biyu, tsoro nake ji, amma na kasa buɗe baki. Daga Gashuwa.

Malam, tsoronka ba rashin imani ba ne kuma ba rashin son ɗan uwa ba ne. Mai lafiya yana rayuwa lafiya lau da ƙoda ɗaya, wadda ta rage tana ƙara ƙoƙari. Amma tiyata ce babba, akwai makonnin jinya, akwai 'yar kasada da ba za a ce babu ba, sannan za ka riƙa duba jini da fitsari har ƙarshen rayuwa. Kafin a kai nan sai an tabbatar jininku ya dace, ba ka da hawan jini ko sukari, ƙodojinka biyu kalau suke.

Ƙa'idar aikin ita ce likitocin dashe su gana da mai bayarwa shi kaɗai, ba uwa ba yaya a ɗakin. Ka faɗa musu abin da ka faɗa mini. Kana da ikon fasawa har ranar aiki, kuma a cibiyoyi da yawa abin da za a shaida wa dangi shi ne ba ka dace ba, ba tare da bayani ba. Idan ka ji bayani ka ga za ka iya, kyauta ce da ba ta da tamka. Ka dai sa matarka cikin shawarar. Kada kuma matsi ya kai ku ga dillalan ƙoda, dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta haramta cinikin sassan jiki. Wasu mabiya Rand suna ganin a bar mutum ya sayar tunda tasa ce. Ni ban yarda ba, wanda yunwa ta kai shi teburin tiyata ba zaɓi ya yi ba.

Ina da ciki wata takwas, an ce mabiyiya ta tare bakin mahaifa, sai an yi mini aiki. Mijina ya ce a danginsu ba a haihuwa da wuƙa, ba zai sa hannu ba. Daga Gusau.

Baiwar Allah, wannan ba ya jira. Idan mabiyiya ta rufe hanya, naƙuda tana iya ɓalle jinin da zai tafi da uwa da ɗa cikin ɗan lokaci, ba kuma rubutu ko jiƙon da zai matsar da ita. A doka, mace baliga mai hankali ita ke amincewa da aikin da za a yi a jikinta. Kotun Ƙolin Najeriya ta tabbatar a 2001 cewa karɓar magani ko ƙinsa na majinyaci baligi ne. Asibitoci suna neman hannun miji don a zauna lafiya a gida, amma naki ya wadatar.

Duk da haka ki zo da shi awo na gaba, a nuna masa hoton da idonsa, da yawa daga maza a nan suke saukowa. In ya ƙi, ki sa mahaifinki ko limamin unguwa ya yi masa magana tun yau. A tanadi waɗanda za su ba da jini, ki koma kusa da asibitin da ake tiyata, a daina kwanciyar aure har ki sauka. Da kin ga jini ko ɗigo ne, ki taho ko tsakar dare ne, kada ki jira ya dawo daga kasuwa.