Rabon baƙar giyar hunturu a Shikago

Ka tambaye ni, yaro, me ya sa baƙar giyar nan mai kauri da ake fitarwa sau ɗaya a shekara ba ma sayar wa duk wanda ya zo da kuɗi, kuma me ya sa nake sa ku kai wasu katan ɗakin sanyi alhali an ce tana jure ajiya.

Fara da inda ta fito. Dokar Amurka ta ce wiskin bourbon sai a sabuwar gangar katako da aka babbake cikinta, don haka masu wiski ba sa maimaita ganga, sai masu giya su saya. Ganga ɗaya tana cin galan 53, kusan lita 200. Giyar takan kwana a ciki wata takwas zuwa shekara, katako ya sha wani kaso, wani ya bi iska, gangar da ta yi tsami a zubar. Abin da ya rage shi ne na shekarar, ba ƙari. Shi ya sa in Bourbon County, irin wannan giya ta kamfanin Goose Island na Shikago, ta fito ranar Juma'ar da ke bin bikin godiya na Thanksgiving, a ƙarshen Nuwamba, mutane kan yi layi tun asuba.

Tun da aka ɗage haramcin giya a 1933, yawancin jihohi suka raba harkar gida uku: mai dafawa ya sayar wa dila, dila ya sayar wa kanti da mashaya. Mu ne na tsakiya. Kafin kaya su iso, buɗe littafi ka ga katan nawa na giyar yau da kullum ta wannan kamfani kowane kanti ya saya a shekara, ka raba a kan haka. Wanda bai san ƙofarmu ba sai Nuwamba, kada ka ba shi rabon wanda ya riƙe mu tun Janairu.

Batun sanyi kuwa, ba dukansu ne ke jure ajiya ba. Wadda ba a haɗa ta da komai ba, mai ƙarfin kashi 13 zuwa 15 cikin ɗari, tana zama shekaru a digiri 12 na ma'aunin Salshiyas, a duhu, kwalba a tsaye. Amma mai kofi, ƙamshinta na gudu cikin 'yan watanni, har ta koma ɗanɗanon ɗanyen tattasai, don haka ita ce ta fara fita. Mai 'ya'yan itace ko zaƙin da aka ƙara ta fi haɗari: in ba a kashe yis ɗin (ƙwayar da ke mai da sukari giya) da zafi ba, ɗumi kaɗan zai tashe shi ya ci sukarin, gwangwani ya kumbura ya fashe. Wannan a digiri 3 za ta zauna, daga sito har mota. Ko babban kamfani bai tsira ba, don wani kaso na Bourbon County ta 2015 ya yi tsami saboda ƙwayoyin bakteriya, aka mayar wa mutane kuɗinsu.

In ka kai ƙaramar gangar ƙarfe mashaya, duba takardar jikinta. Mai nitirojin tana son iskar da ke tura giyar ta zama kashi 75 nitirojin, 25 kabon (CO2), da famfonta na musamman. Aka haɗa ta da kabon zalla, kumfa kawai za ta yi ta zuba. Ka kuma tambayi yaushe suka wanke tiyon da giyar ke bi. In ya wuce mako biyu, su wanke kafin ka haɗa.