Tambaya da Amsa: Yaya za mu ji ta bakin marasa lafiya daga nesa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Mu uku ne muke haɗa manhajar waya da za ta riƙa tuna wa masu hawan jini da ciwon suga lokacin shan magani. Waɗanda muke so su gwada ta 'yan kasuwa ne a Mile 12, ba za su bar rumfa su shiga cunkoson Legas don zaman taro ba. Mene ne mafita? Daga mai karatu a Agege.

Amsa: Wa alaikumus salam, Allah ya yi wa aikin albarka. Kada ku jira sai manhaja ta kammala. Ku zana fuskokinta ko da a takarda ne, ku tura hotunan ta WhatsApp wa mutum biyar zuwa takwas, ku gyara, ku sake turawa. Ku sa mata a ciki, mace ta riƙa kiransu. Ku sa kuma ɗan da ke riƙe wa tsohonsa waya, domin sau da yawa shi ne ainihin mai latsawa.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne tambayar "ya yi kyau?" Dattijo mai kara zai ce madalla ko bai gane komai ba. Aiki za ku ba shi: "Baba, nuna mini inda za ku taɓa idan kun sha maganin safe." Sai ku yi shiru, ku ƙirga inda ya tsaya. Nan za ku gane, alal misali, cewa "bayan Magariba" ya fi "7:00" zama masa a kai, ko kuma saƙon murya yake so saboda ajami ya iya, ba boko ba. Kira ɗaya kada ya wuce minti 20, bayan kasuwa ta lafa, kuma ku tura masa data tun kafin kiran.

Muna roƙonku, kada ku tara su a guruf ɗaya. Kowa zai ga lambar kowa, ya san ciwonsa. Dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin masu buƙatar tsaro na musamman. Ku karanta wa kowa sharuɗɗa da Hausa, ku naɗi amincewarsa da muryarsa, ku ajiye amsoshi da wata lambar shaida da kuka ba kowa, ba lambar waya ba, maimakon suna. Idan bincike ne da za a wallafa, sai da izinin kwamitin ɗa'ar bincike, irin na asibitin koyarwa na Jami'ar Legas (LUTH) da ke Idi-Araba.

Wanda ya tambaye ku ko ya ƙara ƙwaya ko ya rage, ku mayar da shi ga likitansa nan take.