Wai hawayena na ƙona babana a kabari?

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ni 'yar Garwa ce amma ina aure a Yawunde. Babanmu ya rasu wata biyar kenan, da aka bugo min waya na kama jirgin ƙasan dare zuwa Ngaundere na shiga mota, kafin in iso tuni an kai shi makwanci. Har yanzu in dare ya yi sai in yi ta kuka ni kaɗai ba sauti, abinci ma bana ci sosai, ko lambarshi na kasa gogewa a waya. Goggona ta ce wai duk hawayen da na zubar ruwan zafi ne ake kwara mishi a kabari, kuma wai bayan kwana uku kuka haramun ne. Dan Allah gaskiya ne?

AMSA: Wa alaikumus salam. 'Yata, Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta, ku kuma ya ba ku dangana.

Kin ce "ba sauti", to a nan hukuncin yake. Hawaye da zafin zuciya babu laifi a cikinsu ko bayan shekara ne. Abin da aka hana shi ne kururuwa da marin fuska da yaga tufafi da faɗin maganar da ke nuna ba a yarda da ƙaddara ba, wannan kam ba mai jayayya. Kwana ukun nan kuma na barin ado ne, mace ba ta barin kwalliya da turare saboda wani mamaci fiye da kwana uku sai mijinta, shi ne wata huɗu da kwana goma. In har yau kin jingine lalle da kwalli saboda Baba to ki koma musu, maigidanki na da haƙƙi. Amma zuciya ba a yanka mata wa'adi ba.

Zancen ruwan zafi ba hadisi ba ne. Inda maganar ta samo asali shi ne hadisin Umar da ɗansa Abdullahi (RA) cewa ana azabtar da mamaci saboda kukan iyalansa, hadisi ne ingantacce, kuma akwai masu ɗaukarsa a kan kowane irin kuka har da na ɓoye, ina jin masu wa'azi na tsorata mata da shi a gidajen makoki. Wannan fahimtar ba ta tsaya ba. Nana A'isha (RA) da aka kai mata maganar ba ta karɓe ta a haka ba, ta kawo ayar da ke cewa wani rai ba ya ɗaukar nauyin wani. Mafi yawan malamai suka ce hadisin yana kan wanda ya yi wasiyya a yi mishi kururuwa kamar yadda Larabawan jahiliyya suke yi, Imamu Buhari ya ɗora shi a kan wanda kukan mutuwa al'adarsa ce a gidansa. A wata ruwayar ma lafazin kururuwa ne ya zo ƙarara. Sannan shi kanshi Abdullahi ɗan Umar ɗin shi ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya je duba Sa'adu bin Ubada yana jinya ya yi kuka, sahabbai suka yi kuka, ya ce Allah baya azaba saboda hawayen ido ko baƙin cikin zuciya, yana azaba ne ko ya yi rahama saboda wannan, ya nuna harshensa. Annabi ya ziyarci kabarin mahaifiyarsa yana babba ya yi kuka har ya sa na kusa da shi kuka, Nana Faɗima kuma bayan an binne mahaifinta ta ce wa Anas, yanzu ranku ya yarda ku zuba wa Manzon Allah ƙasa? Ba wanda ya ce mata tana cutar da shi. To ina hawayenki na tsakar dare zai shiga a nan?

Goggo kuma kar ki ja da ita, ɗan'uwanta ne ta rasa, so take ki samu sauƙi, haka ta ji ana faɗa.

Ina jin rashin samun gawar shi ya fi ci miki rai duk da baki faɗa ba. Ba ki yi sakaci ba, gaggauta binnewa sunna ce, balle da zafin Garwa, da sun ajiye shi kwana biyu suna jiranki da sun tauye shi. Lambar waya ki bar ta in kina so, ba zunubi.

Rashin cin abincin ne ban yarda da shi ba. Wata biyar ba ci ba barci ya wuce a ce miki yi haƙuri kawai, ki faɗa wa maigida ko wata 'yar'uwa da kika yarda da ita, ki je asibiti a duba ki, neman magani baya rage tawakkali.

Ki kira yayyenki ki tambaya ko Baba ya bar bashi, ko na sefa dubu biyu ne wajen mai shago, domin ran mumini a rataye yake da bashinsa har a biya, kuma a biya kafin a taɓa gado. Ki riƙa mishi addu'a a sujada, ki yi sadaka da sunansa gwargwadon hali, ki dinga gaida abokansa da 'yan'uwansa, da Goggon za ki fara. Wallahu a'alamu.