Amsar Baffa kan zancen zaure

Ɗana, na ga saƙonka tun shekaranjiya, ban amsa da wuri ba ne don tambayar ta fi ƙarfin layi biyu. Ka ce ka samu fili a wajen Rikkos a nan Jos, mai zanen gini ya kawo maka zane babu zaure a ciki, ya ce ɓarnar wuri ne, falo ya wadatar. Kana so ka ji ko zaure dole ne a al'adarmu, ko kuwa tsohon yayi ne da ya kamata ya bi ginin ƙasa su tafi tare. Madalla da ka tambaya tun ba a aza harsashi ba.

Bari in fara maka da gidanmu na Gangare, inda aka haife ni da mahaifinka. Kuza ce ta kawo kakanka garin nan, kamar yadda ta kawo dubban mutane daga Kano da Zariya da Bauchi da Barno. Turawa sun fara haƙarta a farkon ƙarnin da ya wuce, aka ja ƙaramin layin dogo daga Zariya ya iso a 1914, babban layi kuma ya biyo ta Kafanchan a 1927. Leburori da 'yan kasuwa da mahauta da malamai suka yi ta kwararowa, kowa da irin ginin garinsu a ransa. To amma Jos ba Kano ba ce. Muna kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, daminarmu doguwa ce, ruwa kamar da bakin ƙwarya, wani lokaci har da ƙanƙara. Soron ƙasa mai azara da indararo, wanda a Kano ake yi wa yaɓe a zauna lafiya, a nan yoyo da gyara yake jawo wa mai shi kowace shekara. Shi ya sa da kwano ya samu, mutanenmu ba su yi gardama ba. Aka yi bangon tubali da rufin kwano, daga baya aka shafe bangon da siminti, can kuma bulo ya zo ya kori tubalin. Ka ga ke nan iyayenmu ba su ɗauki ƙasa da azara kamar farilla ba. Abin da ba su yarda sun sake ba shi ne tsarin gidan: zaure a gaba, shigifa a bayansa, sannan cikin gida.

Kai kana ganin zaure ɗakin maza ne. Ni kuwa sai da na girma na gane cewa mata suka fi kowa cin moriyarsa. Ka tuna ƙofar zauren gidanmu ba ta kallon ƙofar shigifa? Da gangan magini ya karkatar da ita, don kada idon wanda ke tsaye a waje ya faɗa tsakar gida. Albarkacin wannan 'yar karkatarwa, kakarka takan yi daka da wanki da kitso, ta shanya hatsinta, ta zauna da ɗaurin ƙirji in rana ta yi zafi, ba ta fargabar kowa. Baƙo namiji ya yi sallama, a aiko yaro ya ce ana zuwa, a shimfiɗa masa tabarma, a kawo ruwa. Ya ci, ya sha, ya yi hira har dare, ko ma ya kwana, bai takura wa matar gida ba, ita ma ba ta hana shi sakewa ba. Yanzu dubi gidajen da ake yi: ƙofa ɗaya ce, ta falo. Abokinka ya zo, sai iyalinka ta kwashi yara ta shige ɗaki, in za ta kicin sai ta nemi hijabi a cikin gidanta. Nakan shiga irin gidajen nan in na je Abuja, kuma wallahi raina ba ya yi mini daɗi, domin matar gida ta koma kamar ita ce baƙuwar.

Sai kuma abin da zaure yake yi wa unguwa. A namu aka ɗaura auren gwaggonninka, a nan aka raɗa maka suna, a nan aka yi zaman makokin kakanka. Da safe da almuru malam yana biya wa yara allo a ciki. Lokacin hunturu, ka dai san sanyin Jos a Disamba da Janairu, akan hura gawayi a kasko, dattawan layi su kewaye shi, rigimar iyakar fili da ta miji da mata a nan ake kashe su tun ba su kai gaban alƙali ba. Kuma ba Hausawa kaɗai ba. Maƙwabcinmu Bayarabe tela, da wani Ibo mai sayar da kayan gini, da mutanen Berom da Anaguta da Afizere masu kawo itace da acca da dankali, duk sun san tabarmar zauren nan. Da Sallah a fitar musu da tuwo da nama, da Kirsimeti su aiko da shinkafa. Mutumin da ba muharrami ba, ko wane ne shi, yana da inda zai zauna da mutuncinsa, ba a bar shi tsaye a titi ba. Su ma mutanen tudun nan, in ka shiga ƙauyukansu za ka ga zagayayyun ɗakuna da rumbuna an kewaye su da shingen ƙerana, kowa da yadda yake raba waje da ciki.

Na san abin da ke ranka ko ba ka faɗa ba. Tun rikicin Satumba 2001, da na 2008 da na 2010, garin nan ya canza. Unguwanni sun rabu, mutane sun sayar da gidajen gado sun koma inda nasu suke, kowa ya ɗaga katanga ya sa get na ƙarfe. Ba zan ce maka kada ka yi katanga ba, na ga abin da ya faru da idona, na kuma rasa mutane a ciki. Abin da ke ci mini rai shi ne yaro ya tashi bai san sunan maƙwabcinsa ba, maƙwabci kuma in ya zo gaisuwa sai ya buga ƙarfe a leƙo shi ta 'yar taga kamar mai bara. Sau biyu aka yi wa mutum haka, ba ya dawowa na uku.

Saboda haka amsata ita ce: ba wanda ya wajabta maka zaure mai zanko da zanen dagi a goshinsa, amma kada ka gina gidan da babu abin da zai yi aikin zaure. Ka ce a fitar maka da ɗaki guda a jikin katanga, kusa da get, mai ƙofarsa ta waje da makewayinsa, ko da ƙarami ne. A yi dakali a gabansa. Ƙofar da za ta shiga ciki daga nan a karkatar da ita yadda na gaya maka. Tsakar gida kuma a bar ta buɗe, kada a cinye ta da ɗakuna don kwaɗayin kuɗin haya, mata da yara suna bukatar rana, balle a garin sanyi irin namu. In kuma bene za ka ɗora, ka duba tagoginka da kyau kada su leƙa tsakar gidan maƙwabci, wannan haƙƙi ne da Allah zai tambaye ka.

Shi kuma mai zanen naka, ka ɗauke shi ku je gidan tarihi na Jos, wanda aka buɗe a 1952. A gefensa akwai wurin da aka ware don gine-ginen gargajiya na Najeriya, inda aka kwaikwayi ganuwar Kano da Masallacin Juma'a na Zariya, aikin shahararren magini Babban Gwani. Ya tsaya ƙarƙashin bakan gizon nan da ke riƙe da rufin masallacin ya ga abin da maginanmu suka yi da ƙasa da azara, na tabbata zai sake duban zanensa.

Kafin a sauke yashi da bulo, ka zaga ka gaida maƙwabtan filin gida-gida, ka shaida musu za ka fara aiki. Ranar Asabar ka kawo mini zanen mu duba tare, ka zo da iyalinka, domin ita ce za ta fi ka zama a gidan, ina so in ji ta bakinta. Ka gaida mahaifiyarka.